Nazarin Adabin Ingilishi a Matakin Digiri na Farko: Ƙofar Shiga da Amfaninsa ga Ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan karatun digiri na farko a fannin Ingilishi da adabinsa, ta fuskar ɗalibin da ya fito daga ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram na kudancin Jihar Jigawa. Ta waiwayi tarihin fannin a jami'o'in Nijeriya, ta fayyace sharuɗɗan shigarsa, sannan ta zayyana abubuwan da ake koyarwa a cikinsa. Maƙalar ta nuna cewa ginshiƙin fannin shi ne horo a kan karatun ƙwaƙƙwafi da iya rubutu, kuma ɗalibin da ya tashi cikin adabin Hausa yana zuwa da jarin da zai juya a cikinsa. Ta kuma nuna cewa ana buɗe ƙofar wannan karatu, ko a rufe ta, tun daga ajin farko na babbar sakandare.

Fitilun Kalmomi: adabin Ingilishi, digiri na farko, tarke, fassara, Birnin Kudu, Gwaram

1.0 Gabatarwa

Idan yaro ya shaida wa iyayensa cewa Ingilishi zai karanta a jami'a, abin da ya fi saurin zuwa zukatansu shi ne zai je ya koyi zuba Turanci. Wasu sukan ga ɓata shekara huɗu ne a kan darasin da ake yi tun daga firamare, musamman a gari irin Birnin Kudu, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya suka sa aikin asibiti ya zama abin da yara ke gani da idonsu kuma suke sha'awa. Wannan fahimta ba ta kama ainihin fannin ba. Gyaran lafazi ɗan ƙaramin yanki ne na abin da ake yi a sashen Ingilishi. Babban aikin shi ne a koya wa ɗalibi yadda zai karanta rubutu ya gano abin da aka faɗa da abin da aka sakaya, da kuma yadda zai rubuta nasa ra'ayin bisa hujja.

Yankin ba baƙon karatun boko ba ne. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu na daga cikin tsofaffin makarantun sakandare na tsohuwar Jihar Kano, kuma ta yaye fitattun mutane, ciki har da Alhaji Aliko Ɗangote. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, jami'a ta matso kusa: an kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, sannan jami'ar jiha ta Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo. Ɗalibin Gwaram ko na Birnin Kudu, wanda a da sai ya dangana da Kano ko Zariya ko Maiduguri, yanzu yana iya neman wannan fanni a cikin jiharsa.

2.0 Asalin Fannin a Jami'o'in Nijeriya

Nazarin adabin Ingilishi ya shigo Nijeriya a matakin jami'a ne da buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Landan. Manhajar farko ta Ingila ce tsantsa. Chinua Achebe na cikin ɗaliban farko. Ya shiga da nufin karatun likita, daga baya ya koma Ingilishi da tarihi da nazarin addini. Daga cikin littattafan da ya karanta akwai Mister Johnson na Joyce Cary (1939), ƙagaggen labarin da aka gina a kan Arewacin Nijeriya, wanda marubucinsa ya taɓa zama jami'in mulkin mallaka a ƙasar Borgu. Achebe ya sha bayyana cewa rashin gamsuwa da hoton ɗan Afirka da ke cikin irin waɗannan littattafai na daga cikin abin da ya zaburar da shi ga rubutu. Sakamakon haka shi ne Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958.

Daga nan muhawara ta kaure a kan harshen da ya dace da adabin Afirka. Bayan taron marubuta na Makerere a ƙasar Yuganda a 1962, Obi Wali ya wallafa wata maƙala a 1963 inda ya yi hasashen cewa adabin Afirka da ake rubutawa da harsunan Turai ba zai kai ko'ina ba. A 1968 Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu a Nairobi suka nemi a rushe sashen Ingilishi, a maye gurbinsa da sashen da adabin Afirka zai zama cibiyarsa. Wannan ce-ce-ku-ce ta sauya manhaja a nahiyar baki ɗaya. Shi ya sa a yau sassan da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suke koyar da adabin Afirka da adabin baka kafaɗa da kafaɗa da na Ingila. Abin da ake nazarta shi ne duk adabin da aka rubuta da Ingilishi, ko daga wace ƙasa ya fito.

3.0 Ƙofar Shiga

Sharuɗɗan shiga a bayyane suke. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, kuma a yawancin jami'o'i dole ne harshen Ingilishi da adabin Ingilishi su kasance a ciki. A jarrabawar JAMB kuwa, baya ga darasin Ingilishi da ya wajaba a kan kowa, mai neman wannan fanni zai zauna wa adabin Ingilishi da wasu darussa biyu daga ɓangaren fasaha ko zamantakewa. Wanda ya shiga ta wannan hanya shekara huɗu zai yi. Mai takardar NCE, kamar wadda ake samu a Kwalejin Ilimi ta Gumel, yana iya shiga kai tsaye a aji biyu ya yi shekara uku.

A nan ne gizo ke saƙar. Harshen Ingilishi darasi ne na dole a sakandare, amma adabin Ingilishi na zaɓi ne, kuma ana zaɓensa ne tun a ajin farko na babbar sakandare. Makarantar da ba ta da malamin darasin ba za ta yi wa ɗalibanta rajistarsa ba. Ɗalibar da ke karatu a irin wannan makaranta, a Gwaram ne ko Sara ko Basirka, za ta iya kammalawa da sakamako mai kyau, sai ta zo cike takardar JAMB sannan ta tarar an rufe mata ƙofa tun shekara uku da suka wuce ba tare da ta sani ba. Asarar ba ta tsaya ga fannin Ingilishi ba, domin yawancin tsangayoyin koyon aikin lauya su ma suna neman kiredit a adabin Ingilishi.

Darasin kansa yana bukatar littattafai da lokaci. A jadawalin WAEC na 2021 zuwa 2025, alal misali, an sanya Second Class Citizen na Buchi Emecheta da Wuthering Heights na Emily Brontë a ɓangaren zube, The Lion and the Jewel na Wole Soyinka da Fences na August Wilson a ɓangaren wasan kwaikwayo, sai A Midsummer Night's Dream na Shakespeare, tare da zaɓaɓɓun waƙoƙi. Ɗalibin da bai riƙe littattafan a hannunsa ba, ya dogara da ɗan littafin taƙaitawa, yana iya tsallake jarrabawa, amma zai isa jami'a ba tare da ya taɓa karanta ƙagaggen labari guda daga farko zuwa ƙarshe ba.

4.0 Abin da Ake Koyarwa

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja wanda ya tanadi kashi 70 cikin ɗari na kwasa-kwasai daga hukumar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara daidai da muhallinta. Duk da bambancin da wannan ke haifarwa, karatun ya tsaya ne a kan duwatsun murhu uku.

4.1 Harshe

A nan ake nazarin ilimin furuci da tsarin sauti da ginin kalma da ginin jumla da ilimin ma'ana, tare da tarihin harshen da walwalarsa a cikin al'umma. Ɗalibi Bahaushe zai fahimci dalilin wasu matsalolinsa na furuci. Hausa ba ta bambanta sautin p da na f a matsayin sautuka biyu masu sauya ma'ana, kuma ba ta yarda da cincirindon baƙaƙe a farkon gaɓa, shi ya sa ake saƙa wasali a kalmomin aro kamar burodi da sukurudireba. Sanin wannan yana mayar da abin da ake yi wa dariya ya zama abin nazari, kuma yana taimakon wanda zai koyar da yaran Hausawa nan gaba.

4.2 Adabi

Wannan ne ɓangare mafi faɗi. Ana bin zube da waƙa da wasan kwaikwayo, ana kuma bin zamuna: daga Chaucer na ƙarni na 14, zuwa Shakespeare, zuwa marubutan ƙagaggun labarai na ƙarni na 19 irin su Charles Dickens, har zuwa na zamani. Ana karanta adabin Afirka da na baƙaƙen fatar Amurka da na tsibiran Karebiyan. A manyan azuzuwa ake shiga ra'o'in tarke, wato mazhabobin da ke duban rubutu ta fuskar tsarinsa, ko ta fuskar gwagwarmayar masu hali da talakawa, ko matsayin mata, ko tasirin mulkin mallaka.

Abin da malami ke nema a takardar jarrabawa ya wuce maimaita labari. Idan aka ba ɗalibi babi guda, ana so ya tambayi wane ne mai ba da labarin, me ya sani kuma me ya ɓoye, me ya sa aka fara daga nan, wace kalma ce ke ta dawowa kuma me take ɗauke da shi. Duk amsar da ya bayar dole ya nuna wurin da ya samo ta a cikin matanin. Wannan ɗabi'a ta ƙin yin magana sai da hujja ita ce babbar ribar fannin, kuma tana aiki a kan takardar yarjejeniya da jawabin ɗan siyasa da saƙon da ake yaɗawa a WhatsApp kamar yadda take aiki a kan waƙa.

4.3 Rubutu

Ana koyar da tsara maƙala da rubutun ƙirƙira da dabarun bincike, kuma a ajin ƙarshe kowane ɗalibi yana rubuta kundin digiri a ƙarƙashin kulawar malami. Kwas ɗin rubutun ƙirƙira ba ya mayar da kowa marubuci. Abubakar Gimba tattalin arziki ya karanta, Elnathan John lauya ne, Abubakar Adam Ibrahim kuma, wanda littafinsa Season of Crimson Blossoms ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, aikin jarida ya karanta a Jami'ar Jos. A ɗaya gefen, Helon Habila, wanda ya ci kyautar Caine a 2001, ɗalibin sashen Ingilishi ne na wannan jami'a ta Jos. Abin da fannin ke bayarwa shi ne yawan karatu da sabo da gyara, wato a rubuta, a soke, a sake rubutawa.

5.0 Jarin da Ɗalibin Yankin ke Zuwa da Shi

Ɗalibin da ya fito daga makarantar gwamnati ta karkara yakan shiga aji da jin cewa 'yan makarantun kuɗi na birni sun yi masa nisa. Ta fuskar sakin baki da Turanci wataƙila haka ne. Ta fuskar adabi kuwa yana da abin da bai san darajarsa ba.

Na farko shi ne kunnen waƙa. Wanda ya tashi yana jin waƙoƙin wa'azi da na bege da ƙasidun da ake rerawa a makarantun allo da na Islamiyya ya riga ya san kari da amsa-amo da baiti tun kafin a gaya masa sunayensu. Abin da zai koya shi ne bambancin ma'auni. Karin rubutacciyar waƙar Hausa, kamar na arulin Larabci, yana tafiya ne a kan nauyin gaɓa, mai nauyi da marar nauyi. Karin waƙar Ingilishi kuwa a kan ƙarfin furuci yake tafiya, inda ake danna wata gaɓa a sassauta wata. Ɗangon da Shakespeare ya fi amfani da shi gaɓa goma ne, an kasa su ƙafa biyar, kowace ƙafa da sassauƙar gaɓa a gaba, dannanniya a baya. Wanda ya iya yanka baitin Hausa zuwa ƙafafu ba zai daɗe bai gane wannan ba.

Na biyu shi ne sabo da zance mai harshen damo. Karin magana da habaici da zambo da kirari duk horo ne a kan cewa magana tana da ciki da waje. Kamance da siffantawa da mutuntarwa da alamtarwa, waɗanda ake haddace sunayensu da Turanci, suna nan birjik a bakin makaɗan fada da na noma da kuma 'yan matan gaɗa.

Na uku shi ne daɗaɗɗiyar alaƙa tsakanin adabin biyu. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jiki Magayi na John Tafida da East. A Magana Jari Ce, Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya sa musu rigar Hausa. Manazarta sun daɗe suna nuna kusancin da ke tsakanin Jiki Magayi da An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi (1962). Duk waɗannan batutuwa ne na kwatancin adabi da sai mai harsunan biyu zai iya shiga cikinsu da ƙafar dama.

Na huɗu shi ne yankin kansa. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu na mutanen da, da kuma duwatsu masu amo in an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Akwai labaran kafuwar garuruwa, da na Tsohuwar Gwaram da Sabuwar Gwaram, da waƙoƙin Fulani makiyaya, da zantukan 'yan kasuwa da direbobin hanyar Kano zuwa Maiduguri. Tunda adabin baka yana cikin manhaja, ɗalibi na iya naɗo irin waɗannan, ya rubuta su, ya fassara, ya yi musu tarke a kundinsa, maimakon ya ƙara kundi a kan littafin da aka riga aka yi wa ɗaruruwa.

6.0 Ƙalubale

Jarin da aka ambata ba ya ɗauke wahalar karatun. A zango guda ana iya ɗora wa ɗalibi littattafai masu yawa a kwasa-kwasai daban-daban, kuma mai karatu a hankali yana duba ƙamus a kowane shafi zai sha wuya a shekarar farko. Maganin wannan shi ne yawan karatun kansa, domin sauri yana zuwa ne da sabo. Tsadar littattafai ma matsala ce, sai dai tsofaffin ayyukan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kamar na Shakespeare da Dickens, ana samun su kyauta a intanet.

Akwai kuma damuwar iyaye game da tarbiyya, ganin cewa wasu littattafan suna ɗauke da al'adu da aƙidun da suka saɓa wa na gida. Damuwa ce da ta cancanci amsa. Nazarin littafi daban yake da miƙa wuya gare shi. Tarke yana koya wa ɗalibi ya gano manufar marubuci ya auna ta, kamar yadda Achebe ya yi wa Cary. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna karantar da waƙoƙin jahiliyyar Larabawa saboda sanin lugga, ba tare da sun ɗauki aƙidar mawaƙan ba.

7.0 Bayan Kammalawa

Babu wanda zai yi wa mai wannan digiri alkawarin aiki, kamar yadda ba a yi wa masu sauran digirori. Hanyoyin da aka fi bi su ne koyarwa da aikin jarida da gyaran rubutu a kamfanonin ɗab'i da hulɗa da jama'a da aikin gwamnati. Mai son koyarwa zai bukaci ƙarin difloma a fannin ilimi kafin ya yi rajista da hukumar malamai ta ƙasa, sai fa idan tun farko digirin ilimi da Ingilishi ya yi. Wannan hanya ce ta fi shafar yankin kai tsaye: malamin adabi guda da ya koma makarantar garinsu yana buɗe wa aji bayan aji ƙofar da aka bayyana a sashe na uku.

Fassara ita ce hanyar da ɗan Hausa ya fi kowa dama a cikinta. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wasan Shakespeare mai suna Twelfth Night zuwa Daren Sha Biyu, Bala Funtuwa kuma ya mayar da Animal Farm na George Orwell zuwa Gandun Dabbobi. Ta ɗaya fuskar, Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar zuwa Ingilishi a 1967. Aliyu Kamal, malamin Ingilishi a Jami'ar Bayero, ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, aka buga shi a ƙasar Indiya a 2012, ya isa hannun masu karatun da ba su taɓa jin sunan adabin kasuwar Kano ba. Idan aka dubi tulin littattafan Hausa da aka wallafa tun daga shekarun 1980, waɗanda aka fassara 'yan ƙalilan ne. Gidajen rediyo da hukumomin lafiya da kotuna su ma ba sa rabuwa da bukatar wanda ya ƙware a harsunan biyu.

Ga mai sha'awar ƙirƙira kuma, Arewa tana da magabata a wannan fage. Labo Yari ya fitar da Climate of Corruption a 1978, Zaynab Alkali da Ibrahim Tahir suka fitar da The Stillborn da The Last Imam a 1984. Rayuwar manomi da makiyayi da 'yar makarantar kwana a kudancin Jigawa tana jiran wanda ya san ta daga ciki ya rubuta ta.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa digirin Ingilishi horo ne a kan karatu da rubutu bisa hujja, kuma manhajarsa ta daɗe da buɗe wa adabin Afirka da adabin baka ƙofa. Ta nuna cewa ɗalibin Birnin Kudu da Gwaram yana da kunnen waƙa da sanin azancin magana da kayan bincike a ƙofar gidansu. Abin da ya rage ya rataya ne a kan matakin sakandare. Ya kamata shugabannin makarantu su sanar da ɗalibai sharuɗɗan JAMB kafin su zaɓi darussa a ajin farko na babbar sakandare, hukumomin ilimi su tura malaman adabi tare da littattafan jadawali, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuma su taimaka wa ɗakunan karatu. Jami'o'in Dutse da Kafin Hausa, a nasu ɓangaren, suna iya amfani da kashi 30 ɗin da aka bar musu wajen ƙarfafa kwasa-kwasan fassara da kwatancin adabin Hausa da na Ingilishi, tare da haɗa hannu da sassan da ke koyar da Hausa.